Kadi da Lokotoron Saiwa

A takardun Faransa sunanta Kadidiatou, amma in ka shiga Saint-Fons kana tambayar Kadidiatou za ka yini ba wanda ya waiga. Kadi mai gugar ƙasa, ita kowa ya sani. Taubashiyata ce, ubanta da uwata ciki ɗaya, shi ya sa tun muna yara a Tahoua take kirana bawanta, ni kuma ina kiranta guntuwa, don ko ta ɗaura kallabi mai hawa biyu da ƙyar take kai mani kafaɗa. Sunana Dodo, ina tuƙa motar kai kaya a rumbunan 'yan sari na Aubervilliers, gefen Paris. Ita tana can kusa da Lyon, amma duk sati sai mun zagi juna a talho, in ba mu yi ba wani ba shi da lafiya.

Ta biyo mijinta Chaibou ne, wanda ya sami aiki a wata masana'antar sinadarai ta Saint-Fons. Unguwar tana da wani wari, kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a cikin ruwan sabulu. Satinta na farko Kadi ta yi ta wanke tukwanenta, tana zaton daga madafarta warin yake fitowa. Da ta gane na gari ne duka, sai ta ce to ba ruwanta, ta nemi aikin sharar ofisoshi a masana'antar. Faransancinta bai wuce gaisuwa da "pardon" da "ça glisse" ba, wato da santsi, kuma da waɗannan ta ci abinci shekaru masu yawa, ta binne miji da ciwon huhu ya cinye, ta aurar da 'ya'yan maƙwabta, ta zama wadda ake kira in mace ta haihu ko an yi rasuwa.

'Ya'yanta biyu. Fatsima, wadda aka haifa a Lyon, ita ce ta goyo da lallashi, sunanta kuma yana bakin uwar daga safe har yamma. Babban shi ne Nouhou, ɗan fari, haihuwar Tahoua. Da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa, a can ya zauna har iyayen suka sami takardun ɗauko shi, ya riga ya yi wayo.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Kadi ta zarce ta kowa. "Yaron nan," ko "wancan," iyakarta ke nan. In malami yana wa'azi ya ambaci Annabi Nuhu, ita in za ta maimaita labarin sai ta ce "Annabin jirgi." In an yi miya, tsokar da ta fi kowace sai ta tsame ta miƙa wa Fatsima ba tare da ta ɗaga kai ba: "Kai ma wancan, ya cika mani gida da yunwa." Ranar da ya sami aikin tuƙin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, ta hau jirgi ta zo, ta sa ni na kai ta layi na bakwai, muka yi ta tsayuwa a tasha har nasa jirgin ya iso. Ta shiga can baya, ta zauna daga farkon layi har ƙarshensa, ko sau ɗaya ba ta dubi gaba ba. Da muka fito na ce, "To, guntuwa, yaya kika ga direban?"

Ta gyara mayafi ta ce, "Jirgin dai ba shi da laihi."

Duk wanda ya san Kadi ya san ta yi guɗa ke nan.

A tsakiyar shekarun 1990 abin ya faru. Wani mutum ya faɗa gaban jirgin Nouhou da gangan, suka haɗa ido kafin ƙarfe ya yi aikinsa. Tun daga ranar barci ya ƙi yaron. In ya ɗauki kofi sai shayin ya zube. Lokotoron wurin aiki, likitansu ke nan, ya ba shi hutu da ƙwayoyi, mu kuma muka yi namu, aka sha rubutu, aka yi sadaka, Kadi ta aiko da tofi a kwalbar ruwan Vittel. Bai hana shi zabura ba in mota ta ja birki a titi.

Wani abokin aikinsa ne ya ba shi adireshin wani Mushe Brenaud, wato Malam Brenaud a bakin Faransawa. Mutumin yana da gida a wata unguwar masu hali a Paris, da farantin tagulla a bakin ƙofa an rubuta psychothérapeute, mai warkar da ciwon zuciya da hira. Daga baya na ji cewa a lokacin ko ni, da motar kayana, in na ga dama sai in kafa irin farantin nan a ƙofata, ba dokar da za ta tambaye ni inda na yi karatu. Brenaud ya taɓa zuwa Gabon sau ɗaya, ya dawo da sarƙar wuri a wuya da buhun wata saiwa da ake kira iboga. An ce a can tsofaffinsu suna da ƙa'idodi masu tsauri a kanta. Shi ya ɗauko saiwar, ƙa'idodin ya manta su a filin jirgi.

Ƙarshen sati yake bayar da ita. Katifa a ƙasa, bokiti a gefe. Ka tauna ɓawon mai ɗacin tsiya, ka yi amai har hanjinka ya nemi biyo baya, ƙafafu su ƙi ɗaukarka, sannan ka soma ganin abubuwa suna wucewa kamar a silima. Mutum yakan zama kamar yumɓun da aka jiƙa, duk wanda ya taɓa shi sai ya bar shaidar yatsa. Brenaud kuwa yana zaune daidai kunnenka, da rakoda tana juyawa.

Gaskiya ɗaya ce, karo na farko ya yi amfani. Nouhou ya dawo ya yi barci kamar wanda aka biya. Har na yi wa Kadi talho na ce ta daina ɓarnar ruwan Vittel. Da Brenaud mutumin kirki ne, nan zai ce da yaron ya tafi gida, ya ci gaba da ganin lokotoronsa. Sai ya ce a'a, mutumin da ya faɗa gaban jirgi ƙofa ce kawai, ainihin ciwon yana can ciki, a dawo.

Nouhou da bakinsa ya ba ni labarin, yana zaune a motata muna cikin cunkoson Porte de la Villette, yana murna kamar wanda ya ci jarrabawa. Wai yana kwance saiwa tana aikinta, Brenaud ya tambaye shi da wane suna uwarsa take kiransa. Ya ce ba ta kiransa. Ya tambaye shi yaushe ta taɓa rungume shi. Ya ce bai tuna ba. Ƙanwar fa? Ita kullum. Wa ya raine shi? Kakarsa. Daga nan mutumin ya matso ya ce, "Duba da kyau. Ka gan ta tana miƙa ka ga tsohuwa? Ta juya baya, ko? Duba fuskarta. Daɗi take ji, ko ba haka ba?" Nouhou ya duba, ya kuwa gani. Wanda saiwar nan ta kama, ko raƙumi ka ce masa yana saman kabad, zai gaya maka launinsa.

Na ce, "Kai, ɗan nema, ni ma ɗan fari ne. Uwata har ta koma ga Allah 'mai ƙaton kan nan' take ce mani. Ka ga na mutu?"

Ya dube ni da tausayi, da Faransanci ya amsa, don ya soma ajiye Hausa, ni kawunsa kuma dama Tonton yake ce mani: "Tonton, kai ma kana da ciwon. Ba ka sani ba ne."

"Ciwona ɗaya, basir, kuma kujerar motar nan ce ta ba ni shi, ba uwata ba."

Bai yi dariya ba. Wannan yaron da nake sa wa dariya har ya shaƙe da tuwo. A nan na ji tsoro.

Abin da ya biyo baya da sauri ya zo. Brenaud ya ce ƙwayoyin lokotoro guba ce, ya zubar. Ya ce aikin metro kabari ne, ya ajiye. Nouhou ya saki ɗakinsa na Aubervilliers ya koma wani ɗan lungu a gidan mutumin, shi ne shara, shi ne cefane, shi ne zubar da bokitan amai. In Turawa sun zo shan saiwa, sai a ɗaura masa zane a shafa masa farar ƙasa a fuska a ba shi ganga, a ce musu ga ɗan Afirka wanda ya gaji asirin daga kakanni. Bahaushen Tahoua, wanda dajin da ya sani bai wuce itatuwan bakin kogin Rhône ba! Kaset ɗin da yake kuka yana kiran uwarsa kuwa, shi ake kunna wa sababbin zuwa don su ji yadda magani yake aiki. Yana kiran mutumin "papa." Da Fatsima ta samu ta yi magana da shi a talho, cewa ya yi ta gaya wa Madame Chaibou ya yafe mata, amma kada ta ƙara nemansa.

Fatsima ba ta iya faɗa wa uwar ba, ni aka bar wa. Na yi ta kewaye-kewaye, ina gajiya, ina sanyi, ina mutanen Lyon. Kadi ta katse ni.

"Bawa, bar gaisuwa. Yaron nan lahiya?"

Na faɗa mata. Sai ta tambaya:

"Madame Chaibou ya ce?"

"Haka ya ce."

"Gobe ka tarbe ni ga gar."

A gar ɗin, wato tashar jirgi, ta sauko daga TGV mai gudun tsiya da jakar leda, kilishi a ciki da yajin da take daka masa tun yana ɗan makaranta a lekol. Muka fara da komsariya, ofishin 'yan sanda. Ɗan sandan ba mugu ba ne, har kujera ya ba ta. Ya tambaya ko yaron ya kai shekarun girma. Ya kai. An ɗaure shi? A'a. Ya kawo ƙara da kansa? A'a. Saiwar kuma, ya ce, ba ta cikin abubuwan da aka hana. Ya ɗaga hannuwa sama irin na Faransawa, wanda ke nufin Allah ya kyauta ba tare da an ambaci Allah ba.

Muka wuce gidan Brenaud. Na shirya zagi tun daga mota, na Hausa da na Faransanci, har da wanda na aro wurin Larabawan rumbunmu. Mutumin ya buɗe ƙofa ba takalmi, da murmushi, ya riƙe hannun Kadi da hannu biyu, ya ce ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya kawo mana ruwan ganye mai zafi. Ka zagi wa?

Nouhou yana zaune a ƙasa jikin bango. Ya rame har kunnuwansa sun yi girma. Kadi ta dube shi sau ɗaya ta gefen ido, ta ajiye jakar kilishi a tsakiyar ɗaki, ta zauna a bakin kujera.

Brenaud ya yi magana a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ya ce shi ba ya riƙe kowa. Ƙofa a buɗe take. Abu ɗaya yake roƙo, saboda lafiyar yaron: uwar ta dubi ɗanta cikin ido, ta kira sunansa, ta ce tana sonsa. In ta yi, shi da kansa zai ɗaukar masa jaka.

Ya san abin da yake yi. Ya ji komai a kaset, ya san inda ƙafarta ba za ta iya takawa ba, can ya ajiye mata ɗanta.

Na fassara, na ƙara da nawa: "Kadi, faɗi. Ba kowa nan sai ni, ni kuma bawanki ne, ba a jin kunyar bawa. Faɗi mu tafi, motata tana inda aka hana ajiyewa."

Ta ɗago kai. Na ga leɓenta ya motsa, na ga maƙogwaronta ya hau ya sauka. Gumi ya tsattsafo mata a goshi cikin sanyin nan. Nouhou ya zuba mata ido, kuma wallahi a idon nan roƙo na gani. Sai kanta ya koma ƙasa da kansa, kamar an ja shi da igiya.

"Yaron nan," ta ce, "tashi mu tahi gida."

Na juya wurin Brenaud da sauri na ce da Faransanci, "Ta ce, Nouhou ɗana, ina sonka, tashi mu tafi."

"Tonton," in ji Nouhou, "ina jin Hausa."

Na shiga bayani. Na ce al'ada ce, na ce a wurinmu wanda aka fi so shi ake ɓoyewa, na ba da labarin tsokar nama, na ba da na layi na bakwai. Brenaud yana gyaɗa kai da tausayi. Da na gama ya ce kowace irin cuta da ake yi wa yaro a duniya, akwai garin da ake kiranta al'ada. Ya dafa kan Nouhou ya ce, "Ka gani da idonka, ba saiwa a cikinka yau." Sai a lokacin na lura da rakodar a kan tebur, tana juyawa.

Muka koma mota mu biyu. Mun kusa gar ta ce, ba da ni take ba, da gilashin mota take:

"Na aiko sunan, ya taho har nan," ta nuna wuyanta. "Bakina ya ƙiya."

Ta koma Saint-Fons. Fatsima ta ce mani uwar ta daina cin abinci sai shayi. Ta ce in ta shiga wanka takan saki famfo da ƙarfi ta daɗe, kuma ta ƙarƙashin ƙarar ruwan ana jin tana maimaita wani abu. A wurin aiki ma, in ma'aikata sun watse ofisoshi sun zama kango, wata 'yar Kamaru da suke shara tare ta gan ta durƙushe tana yi wa bokiti magana. Mace mai furfura tana koyon kiran ɗan da ta haifa, kamar mai koyon tafiya bayan karaya.

Wata Asabar ta sake sa ni na tarbe ta. Wannan karon Brenaud bai buɗe ba, ta na'urar bakin ƙofa ya ce an riga an ba ta dama, yanzu zuwanta yana mayar da magani baya. Ƙofar gidan ta lambobi ce, ba mu san su ba. Kadi ta tsallaka titi ta tsaya gaban wani shagon burodi, ta ɗaga kai tana duban tagogin hawa na uku.

Kiran farko da ya fito kamar tari ne, ni da ke kusa da ita da ƙyar na ji. Na biyu ya fi. Na uku ta saki murya irin ta matan Adar in suna kiran mutum daga wata gona zuwa wata.

"Nouhou! Nouhou!"

Tantabaru suka tashi. Mai burodi ya leƙo. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi, na kawar da kai, kamar na ga zanenta ya faɗi a kasuwa. Labulen hawa na uku bai motsa ba.

Ta dawo Asabar ta gaba, da wadda ta biyo ta. Ta yi cikin ruwan sama, ta yi muryarta a dishe. Matar da ke gadin gidan ta kira 'yan sanda, suka zo suka ce ta matsa, ta matsa taku kaɗan ta ci gaba. Labari ya kai Saint-Fons. Wasu matan suka ce Kadi ta taɓu, wasu suka ce Faransa ta cinye ta daga ƙarshe. Ba ta kula ba. Ni aikina riƙon jaka da laima, da yi wa masu wucewa murmushi don kada su zaci fashi muka zo.

Ban san ko Asabar ta nawa ba ce, ganye dai ya riga ya zube daga itatuwan titin. Tana cikin kira sai ƙofar lambobi ta yi ƙara ta buɗe. Nouhou ne, ba takalmi, da sauran farar ƙasa a bayan kunnensa. Ya tsallako titi bai duba mota ba, ya tsaya gabanta yana haki. Da Hausa ya yi magana, Hausar kakarsa, wadda na zaci saiwa ta wanke.

"Inna, ki bari. Don Allah ki bari. Mutane na jin ki. Mi ya same ki? Ina kunyarki ta tahi?"

Kadi ta dube shi cikin ido, ta daɗe tana dubansa.

"Ashe ka san da ita," ta ce.

Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙafafunsa a kan dutsen titi mai sanyi. Na buɗe ƙofar motata a hankali, na ce a raina ko a guje ne, ko ba takalmi, in dai ya sa ƙafa ɗaya. A sama aka buɗe taga. Brenaud bai yi ihu ba, sunan kawai ya kira, a tausashe, ya ce baƙi suna jira, kuma ya san abin da zai faru da barcinsa in ya yanke magani a tsakiya.

Nouhou ya ce, "Bari in ɗauko takalmana."

"Bar su," na ce. "Akwai dubu a rumbunmu, na Sin, ƙafar hagu da dama duk iri ɗaya. Shiga."

"Yanzu nike dawowa, Tonton."

Ya tsallaka. Ƙofar ta rufe a bayansa.

Muka tsaya. Mai burodi ya sayar da na rana, ya sayar da na yamma, ya fito ya ba Kadi kujera. Ta ƙi zama. Ya jawo ƙofar ƙarfensa ya kulle ya tafi. Ba ta ƙara kira ba ranar, tana dai duban ƙofar. Da na ga jirgin ƙarshe na Lyon zai tafi ya bar ta, na taɓa mata hannu. Ya yi sanyi kamar ƙarfe.

A gar ta karɓi jakarta. Na nemi wata maganar ban dariya in ba ta ta riƙe a hanya, na laluba ko'ina ban samu ba.

"Kadi, jikinki ba zai ɗauka ba. Ki huta sati ɗaya."

"Ya sauko," ta ce. "Da ƙahwahunshi ya sauko, kuma Inna ya ce." Ta sa ƙafa a matakalar jirgi, ta juyo. "Asabar ka zo da wuri, bawan banza. Ka taho da takalmi, lamba arba'in da uku."